Fumfunar Banɗaki da Yaɓen da Muka Baro a Gida

Yau maganar banɗaki nake tafe da ita, a gafarce ni, na san ba magana ce da ake so a cikin taro ba. Amma duk Bahaushen da ya yi damina biyu ko uku a gidan haya a Abuja, walau Kubwa ko Nyanya ko Karu ko Lugbe ko Gwagwalada, ya san abin da nake nufi. Da watan Agusta ya kama sai ka ga layukan da ke tsakanin tayil sun fara yin baƙi, kusurwar bayan ƙofa ta yi ɗigo-ɗigo, silin ya yi tabo, ga wani wari mai kama da na tsumman da aka jiƙa aka manta da shi. Matan gida su wanke yau, bayan sati guda abin ya dawo kamar ba a taɓa ba. Har ka ji baƙuwa daga gida ta koma tana cewa matan Abuja ba su da tsafta. Wallahi ba haka ba ne. Akwai dalili, kuma dalilin ya shafi yadda muke zaune a garin nan baki ɗaya.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ƙasar nan daban take da tamu. A Kano ko Katsina ruwa yakan zauna ne daga wajen Yuni zuwa Satumba, wata huɗu ke nan, sauran shekara kuwa rana ce da iska busasshiya. A Abuja tun Afrilu ake fara ruwa, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, wata bakwai cur. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya haura milimita 1,200, abin da Katsina ke samu kuwa bai wuce kusan rabin haka ba. A tsakiyar damina sai a kwana uku ba a ga rana sosai ba, ka shanya riga tun safe har magariba tana da sanyi. Iskar kanta a jiƙe take. To abin da bai bushe a igiya a waje ba, ina zai bushe a lungun da ba ya ganin rana?

Sannan a tuna irin makewayin da muka taso da shi. A gidan kakanmu a cikin birnin Kano, makewayi yana can ƙarshen gida, katanga ce kawai ta kewaye shi, sama a buɗe. Ka yi wanka da hantsi, kafin azahar daɓen ya bushe ƙarau, ruwan ya bi rariya ya fita. Rana ce ke mana rabin aikin tsafta ba tare da mun sani ba. Iyakarta a ga ɗan gansakuka a bakin rariya cikin Agusta, a sa tsintsiyar kwakwa a kankare, shi ke nan. Ba mu taso da sanin cewa banɗaki abu ne da ake busarwa da gangan ba, don ba mu taɓa buƙatar hakan ba.

Amma akwai abin da iyayenmu suka sani sarai game da ruwa da gini, shi ne cewa ba a gama gini. Baba yakan ba mu labarin yadda kowace shekara, kafin ruwan farko, ake kiran magina su hau soro su duba inda ya tsage, a gyara indararo, a yi sabon yaɓe. Ana haɗa ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame kada ya ci bango. Masu hali kuma su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, irin wanda ake shafe cikin rijiyoyin rini da shi kamar na Ƙofar Mata. Duk gidan da ya tsallake yaɓen shekara biyu, unguwa za ta gani, kuma a san maigidan ya shiga wani hali ko ya yi sakaci. Ba wanda yake jira sai soro ya rufto kafin ya nemi magini.

Yanzu mu dawo banɗakin Abuja. Yawancinmu muna zaune ne a ciki da falo, ko ɗakin nan da ake kira salfkon, inda banɗaki yake manne da ɗakin kwana, bango ɗaya ya raba su. Tagarsa ba ta fi faɗin littafi biyu ba, wani ma babu ita sam, don mai gida ya matse fili ya fitar da ɗaki goma a inda ya kamata a yi shida. Ɗan abin da ke akwai na taga kuma a rufe yake, saboda sauro da kuma sutura, tunda tagar maƙwabci tana kallon taka. A ciki akwai duro ko manyan bokitai cike da ruwa a buɗe, don famfo ba shi da tabbas, sai an tara ko an saya wajen 'yan garuwa. A ciki ake wanka, a ciki ake wanki, a ciki mata ke shanya ƙananan kaya saboda kunya, ga alwala sau biyar a rana ta mutum shida ko bakwai. Daga asuba zuwa isha daɓen nan ba ya samun awa biyu a bushe. Ita kuwa fumfuna abu mai rai ce, ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, abin da take nema kawai danshi da ɗan abin ci, dattin sabulu da na jiki sun ishe ta. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka fumfuna na iya kama shi. Namu kuwa wata bakwai yake yi a jiƙe.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da an sa tayil an gama da ruwa har abada. Fuskar tayil kam ba ta shan ruwa sosai, gaskiya ne. Amma tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai siririn layi, wanda masu sa tayil a nan galibi suke cikewa da farin siminti, shi kuwa siminti yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotsar ruwa, kuma yana zaizayewa da shekaru. Abin da ya fi saurin cinye shi shi ne asid ɗin nan da ake sayarwa a jarka don wanke tayil. Asid yana narkar da siminti. Ka zuba ka ga yana kumfa, layi ya yi fari tas, ka ji daɗi, alhali saman simintin ne ya narke ya tafi da dattin. A yi haka sau biyar sau shida, layi ya zama rami. Daga nan ruwa ya sami hanya ya shige ƙarƙashin tayil, ya kwanta, ya bi bulo ya hau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu a gidanmu a Kubwa ta ɗakin kwana abin ya ɓullo. Fentin bangon da ya raba ɗakin yara da banɗaki ya fara kumbura daga ƙasa, yana fitar da wani farin gari kamar kanwa. Da aka janye durowar kaya sai aka tarar bayanta ya yi baƙi ƙirin, takalman sallar da ke ciki sun yi furfura, har dadduma ta ɗauki warin. A wannan ɗaki autarmu take kwana, kuma tana da asma tun tana ƙarama. Kowace damina sai tarin dare ya tsananta, Umma ta kwana zaune tana riƙe da ita, ana jiran gari ya waye. Da aka kai ta asibiti a wannan shekarar, cikin tambayoyin da likita ta yi wa Umma har da cewa, “Hajiya, ɗakin da take kwana akwai laima?” Umma ta dawo da wannan tambaya gida, ta ajiye ta a gaban Baba tare da tuwon dare.

Tambayar likitar ba ta banza ba ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa zama a gida mai laima yana da alaƙa da tari da shessheƙar ƙirji da tashin asma. A Ingila ma, a garin Rochdale kusa da Manchester, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020, kuma binciken kotu a Nuwambar 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidan hayarsu ce ta jawo ciwon numfashin da ya yi ajalinsa. Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne, da farko masu gidan sun ɗora laifin a kan yadda iyalin ke wanka, binciken kuwa ya nuna gidan ne ba shi da isasshiyar hanyar fitar iska. A 2023 aka yi doka da sunan yaron, ta fara aiki a Oktobar 2025, tana tilasta wa hukumomin da ke ba da gidajen haya masu rangwame su duba ƙorafin fumfuna cikin ƙayyadadden lokaci. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce mana alwalarmu da butarmu ce matsala. Ruwa dole a yi amfani da shi, abin tambaya shi ne ta ina zai fita.

To me ya sa muke zuba wa abin ido shekara da shekaru? A nan ne nake ganin maganar ta wuce ta siminti. Mu 'yan Arewa mazauna Abuja da ƙafa ɗaya muke zaune. Idan Bahaushe ya ce “gida” a garin nan, Kano yake nufi ko Funtuwa ko Gusau ko Azare, nan kuwa wurin nema ne. Duk ɗan abin da aka samu can ake turawa, ana ta gina gidan da ba a kwana a cikinsa sai sati biyu na sallah, an sa masa tayil mai tsada an kulle. Ba na zargin iyayenmu, suna da hujja. Sun ga rusau tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, unguwanni irin su Karmo da Chika inda 'yan uwa da yawa suke zaune suka zama fili. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai yi saurin zuba kuɗi a bangon Abuja ba. Ga haya ana biya ta shekara gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, ga na lauya, ga wanda ake riƙewa saboda ɓarna, kuma ba ka da tabbacin baɗi ba za a ƙara maka ko a ce ka tashi ba. Sai ɗan haya ya ce gidan ba nawa ba ne, mai gida ya ce ba ni nake wanka a ciki ba, ruwa kuma yana ta aikinsa a tsakani.

Amma mu yi lissafi da gaskiya. Tun 12 ga Disamba 1991 aka dawo da gwamnati nan daga Legas, sama da shekara talatin ke nan. Waɗanda suka zo da nufin su yi shekara biyu su koma, yau suna aurar da 'ya'yan da aka haifa a Garki da Wuse. Kai, tun 1828 ma Hausawan Zazzau suka kafa tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ba yau muka fara zama a ƙasar nan ba. Takardar gida ta mai gida ce, amma ƙirjin da ke shaƙar iskar ɗakin dare da rana namu ne da na ƙannenmu.

Da aka sanar da mai kula da gidan, sai ya ce a bari zai gaya wa mai gida. Aka yi wata guda, aka yi biyu. Rannan bayan isha na ce, “Baba, ko mu ƙara tuna masa?” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ka je ka nemo mai tayil ya duba. A kasuwa idan rumfa tana yoyo ba na jiran hukumar kasuwa, don kayana ne ke jiƙewa.” Sai dai ya sa na ɗauki hoton ko'ina da waya, aka rubuta wa mai kula da gidan saƙo cewa za mu gyara kuma za a kawo rasit a lokacin sabunta haya. Ɗan kasuwa ba ya kashe kuɗi babu shaida.

Mai tayil ɗin da ya zo ya nuna mini abubuwan da nake ganin kowa zai amfana da su. Da farko ya ɗauki makulli yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara a dunƙule lafiyarsa ƙalau, wanda ya amsa kamar ganga kuwa ya rabu da simintin ƙasa, akwai rami a ƙarƙashinsa, sai an ɗaga an sake dasa shi. Ya sami huɗu a kusa da rariya. Ya kalli layukan ya ce tabbas an sha wanke wurin da asid kafin mu shigo, don haka ake yi wa gida kwalliya idan za a nuna wa sabon ɗan haya. Sannan ya ce a rufe famfo a daina amfani da banɗakin kwana biyu a gani. Idan bango ya ci gaba da tsatsafo da ruwa duk da haka, to bututu ne ya fashe a ciki, aikin mai gyaran famfo ne, sabon siminti ba zai yi maganinsa ba. Namu Allah Ya taimaka ba bututu ba ne.

Sauran aikin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Kayan duka akwai su a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ba nisa daga Kubwa, kuma ba su da yawa: farin siminti ko garin cike layi na musamman da ake sayarwa a ƙananan leda, silikon mai hana fumfuna, buroshi, soso, safar hannu ta roba, da takunkumi. Da farko a kashe fumfunar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a wuce kofi ɗaya na bilic a galan ɗaya na ruwa, wato wajen lita 4. Irin su Hypo ko Jik sun isa. A shafa, a bar shi minti goma, a goge da buroshi, a ɗauraye, ƙofa da taga a buɗe, yara da mai asma kuma su bar wurin. A nan ina roƙon kowa don Allah, kada a taɓa haɗa bilic da asid, ko da maganin wanke masai irin su Harpic, don da yawansu akwai asid a ciki. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, a ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya kayar da babban mutum. Ana yin wannan haɗin a gidaje da yawa da sunan ƙara ƙarfi, a gaya wa mata da 'yan aiki.

Bayan wurin ya bushe sai a kankare tsohon simintin layi da guntun zarton ƙarfe ko ƙusa, a hankali kada a fasa gefen tayil, a share garin tas. Shafa sabo a kan ruɓaɓɓe ɓarnar kuɗi ce, ba ya kamawa. A kwaɓa sabon da kauri kamar man goge baki, kaɗan-kaɗan don yana saurin daskarewa, a danna shi cikin layin da roba, shi mai tayil ɗin guntun tsohon silifa ya yi amfani da shi. Bayan kamar minti ashirin a goge fuskar tayil da soso mai ɗan danshi. Inda bango ya haɗu da daɓe, da kewayen masai da bututu, silikon ake sawa, don wurin yana motsi kuma siminti tsagewa yake yi. Sannan a bar shi aƙalla kwana ɗaya, in da hali biyu ko uku, ba a zuba ruwa ba. Wannan shi ne mafi wuya a gida mai banɗaki ɗaya. Mu maƙwabtanmu ne suka rufa mana asiri, maza kuma muka koma na masallaci. Bangon ɗakin yara kuwa an kankare fentin, aka bar shi ya sha iska makonni kafin a sake shafawa, domin fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓoye ciwo ne kawai.

Abin da ya rage shi ne a yi wa banɗaki da hannu abin da rana take yi masa a gida kyauta. An sa raga mai kyau a taga don a bar ta a buɗe dare da rana, an liƙa leda mai duhu a rabin gilashin saboda sutura. Duro ya sami murfi. An sayi abin jan ruwa na roba, duk wanda ya yi wanka sai ya ja ruwan zuwa rariya kafin ya fito, kuma a bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci. Umma ta ɗaura igiya a bayan gida ta kewaye da zani don shanyar mata. Durowa an matsar da ita kamar tafin hannu daga bango. Wanda banɗakinsa ba shi da taga sam, ƙaramar fankar nan mai zuƙe iska waje ita ce mafita, kuma wannan abu ne da ya kamata a yi maganarsa da mai gida tun kafin a biya haya, tun ran gini ran zane. Auta tana nan tana shan maganinta yadda likita ta tsara, asma ba ta rabu da ita ba, amma daminar da ta biyo baya Umma ta fi samun barci. Shi kuwa mai gida rabin kuɗin ya yarda ya cire, Baba ya ce an gode.

Shawarata ga 'yan uwa mazauna garin nan ita ce mu mai da wannan aiki na shekara-shekara, kamar yadda kakanninmu suka mai da yaɓe. Lokacinsa shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ke busar da komai cikin awa kaɗan. A ɗauki makulli a ƙwanƙwasa tayil, a bi layi da farce a ga inda ya zurma, a janye durowa a leƙa bayanta. Mai neman sabon gida kuma kada ƙyallin tayil ya ruɗe shi, ya duba layin, ya duba tagar, ya shinshina bangon ɗakin da ke manne da banɗaki. Waɗanda ke haya a gida ɗaya su haɗa baki su yi wa mai gida magana tare, a rubuce, ya fi kowa ya je shi kaɗai. Ko shekara ɗaya ce ta rage maka a gidan, dare 365 ne yaranka za su kwana a ciki.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da garin nan lafiya, Ya kuma mallaka wa kowa nasa, amin.